Amurka Ta Dafa Dutse Ta Sha Romonsa

A cikin watan Yuli na shekarar 2014, ko ganga ɗaya ta ɗanyen man Nijeriya ba ta shiga ƙasar Amurka ba. Tun daga shekarar 1973 da hukumomin can suka fara ajiye irin wannan lissafi wata-wata, ba a taɓa ganin haka ba. Shekara huɗu kacal kafin wannan lokaci, Amurka tana sayen kusan ganga miliyan 1 ta man Nijeriya a kowace rana ta Allah, har Nijeriya tana cikin ƙasashe biyar da suka fi kai mata mai. Babu wata rigima da ta shiga tsakanin ƙasashen biyu, ba a kuma sa wa Nijeriya takunkumi ba. Abin da ya faru shi ne, mai ciniki ya tona bayan gidansa ya sami abin da yake zuwa kasuwa nema.

Wannan al'amari ya samo asali ne daga wani irin dutse da ke kwance can ƙarƙashin ƙasa, wanda masana suka daɗe da sanin akwai mai da iskar gas maƙare a cikinsa, amma suka ɗauka fitar da su ba zai taɓa biyan kuɗin wahalarsa ba. Da iskar gas aka fara cin nasara a kan dutsen, daga baya aka juya dabarar kan ɗanyen mai. Tun da yake arzikin Nijeriya ya rataya ne a kan abin da ake haƙowa daga ƙasa, ya kyautu mai karatu ya san yadda aka yi wannan aiki, da inda ya dosa, da kuma abin da iskar gas mai araha ta yi wa tattalin arzikin ƙasar da ta same ta.

DUTSEN LAKA

Dutsen da ake magana a kansa shi ne wanda Turawa suke kira shel, watau dutsen laka. Asalinsa laka ce da ta kwanta a ƙasan tekuna tun zamanin da ba a san iyakarsa ba, ta binne gawarwakin ƙananan halittun ruwa da tsirrai, sa'an nan nauyin ƙasa da zafinta suka matse ta har ta zama dutse falle-falle kamar takardun littafi. A cikin wannan matsi da zafi ne gawarwakin nan suka rikiɗa suka zama mai da iskar gas.

Rijiyoyin da aka saba da su, irin na yankin Neja Dalta, suna ɗebo man da ya riga ya tsere daga dutsen laka ya taru a cikin dutsen yashi, wanda yake da ƙofofi kamar soso. Da zarar an huda irin wannan wuri sai man ya taso da kansa. Shi kuwa dutsen laka ƙofofinsa a tsuke suke ƙwarai da gaske, ko an huda shi abin da zai fito bai taka kara ya karya ba. Saboda haka ma'aikatan haƙa suka yi shekara da shekaru suna ratsa shi su wuce, suna neman abin da ke sama ko ƙasa da shi.

Dabaru biyu aka gama kafin a shawo kansa. Ta farko ita ce fasa dutse da ƙarfin ruwa: a tura ruwa mai yawan gaske, gauraye da yashi da ɗan magunguna, cikin rijiya da matsanancin ƙarfi har dutsen ya tsattsage, yashin ya maƙale cikin tsagogin ya hana su rufewa, iska ta sami hanyar fita. An fara gwada wannan dabara a jihar Kansas tun shekarar 1947. Ta biyu ita ce haƙan kwance: a nutsa da rijiya tsaye kilomita biyu ko uku, sa'an nan a lanƙwasa bakin injin ya bi shimfiɗar dutsen a kwance. Rijiyar tsaye tana taɓa dutsen ne gwargwadon kaurinsa kawai, ta kwance kuwa tana tafiya cikinsa mai nisa, ana fasa shi zango-zango.

HAƘURIN GEORGE MITCHELL

A shekarun 1970 Amurka ta shiga ƙuncin iskar gas. A damunar sanyi ta 1976 zuwa 1977 sai da aka rufe makarantu da masana'antu a jihohi da dama saboda babu iskar da za a ɗumama su da ita. Abin ya kai a shekarar 1978 majalisar ƙasar ta kafa doka ta taƙaita gina sababbin tashoshin lantarki masu ƙona iskar gas, domin an yi imani ta kusa ƙarewa. A wannan tsakani ne gwamnati ta zuba kuɗi wajen binciken dutsen laka daga 1976, ta kuma yi rangwamen haraji a 1980 ga masu haƙo iska daga wurare masu wuya.

Mutumin da ya ɗauki abin da zafi shi ne George Mitchell, ɗan wasu baƙi da suka yi ƙaura daga ƙasar Girka, wanda aka haifa a garin Galveston na jihar Teksas a 1919. Kamfaninsa yana da yarjejeniyar tura iskar gas ta bututu zuwa birnin Chicago, ga shi kuwa rijiyoyinsa na kusa da birnin Fort Worth sun fara ja da baya. A ƙarƙashinsu akwai wani dutsen laka mai suna Barnett. Daga shekarar 1981 ya sa injiniyoyinsa gaba su nemo yadda za a tatse shi. Suka yi ta gwaji ana ta asara, har waɗansu manyan kamfanin suna ganin tsohon ɓarnar dukiya kawai yake yi.

Sai a shekarun 1997 da 1998 aka gano bakin zaren. Maimakon wani ruwa mai kauri da tsada da aka saba turawa, sai aka gwada tsurar ruwa mai yawa da ɗan yashi da maganin sa santsi. Kuɗin aiki ya ragu, iskar da ke fitowa kuma ta ƙaru. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Mitchell ya yi shekara 17 yana hura wa nasa wuta. A 2002 kamfanin Devon Energy ya sayi kamfaninsa a kan fiye da dala biliyan 3, ya kuma gama wannan dabara da haƙan kwance. Daga nan labari ya sha bamban.

RUBUBI DA KARYEWAR FARASHI

Da sauran kamfanoni suka ga abin da ake samu a Barnett, sai aka bazu neman irinsa. A 2004 kamfanin Range Resources ya gwada dutsen Marcellus a jihar Fensilbaniya ya dace. A 2008 aka yi caa a kan dutsen Haynesville na jihar Luwiziyana. Wakilan kamfanoni suka riƙa bin manoma gida-gida suna ba su kuɗi domin a sami izinin haƙa a gonakinsu. Wanda ya fi kowa zaƙewa a wannan rububi shi ne kamfanin Chesapeake Energy a ƙarƙashin Aubrey McClendon, wanda ya ci bashi mai yawa ya kama filaye a jihohi daban-daban.

A kasuwar Amurka ana auna iskar gas da wani mudu wanda ya yi kusan daidai da ƙafa kubik 1,000, ana kuma yanke farashinsa a wata mahaɗar bututai da ke Luwiziyana mai suna Henry Hub. A tsakiyar 2008 mudun nan ya haura dala 13. Da iskar dutsen laka ta malalo kasuwa, kafin watan Afrilu na 2012 ya faɗo ƙasa da dala 2. Masu saye suka yi murna, masu haƙa kuwa suka ga nasararsu ta zame musu alaƙaƙai.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta rijiyar dutsen laka da ta ƙara tsananta al'amarin. Takan fara da ƙarfi, amma galibi kafin shekara ta zagayo ta rasa fiye da rabin abin da take bayarwa. Saboda haka tilas kamfani ya yi ta haƙa sababbi ba hutawa kafin ya riƙe matsayinsa, kowace sabuwa kuwa tana cin miliyoyin daloli. Kamfanoni da yawa sun yi shekaru suna kashe fiye da abin da suke samu, suna cike giɓin da bashi. Da annobar korona ta durƙusar da kasuwa a 2020, Chesapeake kansa ya karye a watan Yuni na shekarar, ya nemi kotu ta kare shi daga masu binsa bashi.

INJUNA SUN RAGU, ISKA TA ƘARU

Wani kamfani mai suna Baker Hughes ya saba ƙidaya injunan haƙa da ke aiki a Amurka, yana ba da jimillarsu mako-mako, 'yan kasuwa kuma suna sa ido a kai kamar yadda manomi yake duban hadari. A cikin watan Satumba na 2008 injunan da ke neman iskar gas sun kai kimanin 1,600. A 2016 sun faɗo ƙasa da 100, a 2024 kuma suna wajen 100. Wanda ya ga wannan lissafi kaɗai zai zaci sana'ar ta mutu. Alhali kuwa iskar da ƙasar take fitarwa ta tashi daga kimanin ƙafa kubik biliyan 50 a rana a 2005 zuwa fiye da biliyan 100 a 2023. A shekarar 2000 abin da dutsen laka yake bayarwa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. A 2023 ya kai wajen kashi uku cikin huɗu ko fiye.

Dalilai da dama ne suka kawo haka. Na farko, an tsawaita ɓangaren rijiya na kwance, daga kimanin kilomita ɗaya a farkon al'amarin zuwa kilomita uku, waɗansu ma har biyar. Na biyu, an koyi haƙa rijiyoyi da yawa daga fili guda, injin ya gama wannan ya matsa 'yan taku ya kama waccan, ba sai an kwance shi an ɗora a mota ba. Na uku, aikin da a dā yakan ci wata guda ya koma mako biyu ko ƙasa da haka.

Na huɗu kuwa shi ne ya fi ban mamaki. Da farashin iska ya karye, sai kamfanoni suka kwashe injunansu suka koma neman ɗanyen mai da wannan dabara, a Dakota ta Arewa da kudancin Teksas, da kuma yankin Permian da ke yammacin Teksas da New Mexico. Man da Amurka take haƙowa ya tashi daga ganga miliyan 5 a rana a 2008 zuwa fiye da miliyan 13 a 2024. To, rijiyar mai ba ta ba da mai shi kaɗai, tare da iskar gas yake fitowa. Ta haka yankin Permian ya wayi gari yana ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar na iskar ƙasar, alhali ba ita aka je nema ba. Inda bututai suka yi ƙaranci, iskar takan rasa mai ɗauka: a mahaɗar Waha ta yammacin Teksas, a 2019 da 2020 da kuma kwanaki masu yawa na 2024, farashi ya faɗi ƙasa da sifiri, watau mai kaya ne yake biyan wanda zai raba shi da kayansa.

Bayan wahalar 2020 masu hannun jari sun ja wa kamfanoni kunne, suka ce riba suke so a hannu, an gaji da jin labarin yawan rijiyoyi. Saboda haka da farashi ya sāke faɗuwa a 2024, manyan masu haƙa irin su EQT suka rage abin da suke fitarwa da gangan. Bugu da ƙari manya sun shiga haɗiye ƙanana. A 2024 ExxonMobil ya kammala sayen Pioneer Natural Resources a kan kimanin dala biliyan 60, Chesapeake kuma, bayan ya farfaɗo, ya haɗe da Southwestern Energy suka zama Expand Energy. Sana'ar da 'yan kasada suka fara ta koma hannun 'yan kamfanoni ƙalilan masu ƙarfin jari.

ABIN DA ISKA MAI ARAHA TA HAIFAR

Babban wurin da aka ga canji shi ne wutar lantarki. A 2005 kusan rabin lantarkin Amurka daga kwal ake samunsa, iskar gas kuwa ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba. A 2016 iskar ta sha gaban kwal, kafin 2023 kuma ta haura kashi 40, kwal ya faɗo ƙasa da kashi 20. An rufe tsofaffin tashoshin kwal masu yawa, har babban kamfanin haƙar kwal na ƙasar, Peabody Energy, ya karye a 2016. Garuruwan da suka dogara ga mahaƙar kwal sun ji jiki. A ɗaya gefen, kusan rabin gidajen Amurka da iskar gas suke ɗumama ɗakunansu lokacin sanyi, saboda haka arahar ta shiga aljihun talaka kai tsaye.

Na biyu shi ne takin zamani. Mutane da yawa ba su san cewa farin takin yuriya da manomi yake zuba wa masararsa daga iskar gas ake yinsa ba, ita ce kuma take cin mafi yawan kuɗin sarrafa shi. A farkon shekarun 2000, lokacin da iska take tsada, masana'antun taki da dama sun rufe a Amurka. Da ta yi araha sai aka faɗaɗa tsofaffi, aka kuma gina sababbi, kamar wadda aka buɗe a jihar Iowa a 2017. Haka nan masana'antun roba da na magunguna suka yi ta tsiro a gaɓar tekun Teksas da Luwiziyana, kamfanin Shell kuma ya buɗe wata babbar masana'antar roba a Fensilbaniya a 2022, daf da rijiyoyin Marcellus.

Na uku shi ne cinikin waje. A 2003 shugaban babban bankin Amurka na lokacin, Alan Greenspan, ya shawarci majalisa da a ƙara gina tashoshin karɓar iskar gas daga ƙetare, domin ta gida ba za ta isa ba. Ita iskar gas, in za a ƙetare teku da ita, sai an sanyaya ta zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri ta zama ruwa, girmanta ya ragu sau 600, kāna a ɗura a jirgi. Kamfanin Cheniere ya gina irin wannan tashar karɓa a Sabine Pass ya buɗe ta a 2008, daidai lokacin da bukatarta ta gushe. Maimakon ya rufe ta sai ya juya akalarta ta koma ta fitarwa. A watan Fabrairu na 2016 jirgin farko ya tashi daga can zuwa Barazil. A 2017 abin da Amurka ta fitar ya ɗara abin da ta shigo da shi, karo na farko cikin shekara 60. A 2023 ta sha gaban Katar da Ostireliya ta zama ta ɗaya a duniya wajen sayar da ruwan gas.

An ga nauyin wannan al'amari bayan da Rasha ta afka wa Yukren a watan Fabrairu na 2022, iskar da take tura wa Turai ta bututu ta ragu ƙwarai. Farashi a Turai ya ninka na Amurka sau da dama, masana'antun taki na can suka rage aiki, takin ya yi tsada a duniya, har manoman Nijeriya suka ji a jikinsu. Jiragen Amurka ne suka cike babban ɓangare na giɓin, inda a 2023 suka kai kusan rabin ruwan gas ɗin da Turai ta saya.

ƘURAR DA TA BIYO BAYA

Ba a sami wannan arziki a ɓagas ba. Rijiya guda takan sha galan miliyoyi na ruwa, wani sa'in a yankunan da ruwan sha ma yake wuya. Gurɓataccen ruwan da ke dawowa kuwa akan tura shi can ƙarƙashin ƙasa, abin da masana suka danganta da yawaitar girgizar ƙasa a jihar Oklahoma, inda aka yi wata mai ƙarfin awo 5.8 kusa da garin Pawnee a watan Satumba na 2016. A ƙauyen Dimock na Fensilbaniya mazauna sun yi shekaru suna shari'a saboda iska ta shiga rijiyoyinsu na sha. Har ila yau iskar da ke yoyo daga rijiyoyi da bututai tana ƙara ɗumamar yanayi, tana rage ladar da aka samu ta barin kwal. Saboda irin waɗannan dalilai Faransa ta haramta fasa dutse a 2011, jihar New York ta bi sahu a 2015, Ingila kuma ta dakatar da shi a 2019 bayan ƙasa ta motsa kusa da garin Blackpool.

Abin lura kuma shi ne, dutsen laka yana nan a ƙasashe da yawa, amma in ban da Kanada da Sin da Ajantina, babu inda aka yi abin a zo a gani. Ƙasar Folan ta sa rai ƙwarai, manyan kamfanoni suka je suka gwada, suka kwashe kayansu tsakanin 2012 da 2015. Abin da Amurka take da shi wanda sauran ba su da shi ya wuce dutse. A can mai gona yana iya mallakar abin da ke ƙarƙashin gonarsa, yana da rabo a duk abin da aka haƙo, saboda haka yakan yi maraba da injin. Akwai dubban kilomitoci na bututai da aka shimfiɗa tun dā, da ɗaruruwan kamfanoni masu kayan aiki, da bankuna masu ba da bashi, da kuma masu saye waɗanda suke biya a kan kari.

INDA ABIN YA SHAFI NIJERIYA

Man da ake samu daga dutsen laka mara nauyi ne mai ƙarancin ƙibiritu, watau irin na Nijeriya sak, shi ya sa Nijeriya ta riga ƙasashen Larabawa jin zafin abin. Ta koma neman kasuwa a Indiya da Turai. Da man ya yi yawa a duniya, ƙungiyar OPEC kuma ta ƙi rage haƙa a taronta na Nuwamba 2014, sai ganga ta faɗo daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da dala 30 a watan Janairu na 2016. A wannan shekara tattalin arzikin Nijeriya ya ja da baya, jihohi da yawa suka kāsa biyan albashi. Reshe ya ƙara juyewa da mujiya a 2024, sa'ad da matatar Ɗangote da ke Ikko ta fara sayo ɗanyen mai daga Amurka.

Ta fuskar iskar gas ma haka. Kamfanin NLNG na tsibirin Bonny, wanda ya tura jirginsa na farko a 1999, ya sami gawurtaccen abokin hamayya a kasuwar Turai. Manyan ayyuka biyu da aka tsara a Brass da Olokola, waɗanda aka sa ran Amurka za ta zama cikin masu sayen kayansu, sun tsaya a kan takarda.

Duk da haka Nijeriya ba ta bukatar fasa wani dutse. Tana da tabbatacciyar iskar gas fiye da ƙafa kubik tiriliyan 200, mafi yawa a nahiyar Afirka, kuma irin mai sauƙin haƙa ce. Tun da aka sami mai a Oloibiri a 1956 ake ƙona iskar da ke fitowa tare da shi. Dokar 1979 ta sa ranar 1 ga Janairu 1984 a matsayin ranar daina ƙonawa, an kuwa sha ɗaga wa'adin. Ko da yake abin da ake ƙonawa ya ragu ainun, shekara da shekaru Bankin Duniya yana lissafa Nijeriya cikin ƙasashe goma da suka fi yin wannan ɓarna. A lokaci guda kuma mafi yawan lantarkin ƙasar nan daga tashoshin gas yake fitowa, irin su Egbin da Ughelli da Afam da Geregu, waɗanda sau da yawa injunansu kan zauna shiru saboda ba a kawo musu iska ba, masu kawowar kuwa suna kukan ba a biya su bashin baya ba. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Inda aka gama iskar da masana'anta an ga amfaninta. Masana'antar Indorama ta Eleme kusa da Fatakwal, da ta Ɗangote wadda aka buɗe a watan Maris na 2022 mai iya yin tan miliyan 3 na yuriya a shekara, sun mai da Nijeriya mai sayar da taki ga ƙasashen waje. Bayan janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, gwamnati ta ɗauki shirin mai da motoci su koma amfani da matsattsiyar iskar gas. Amma shirin ba ya tafiya inda iskar ba ta kai ba, mafi yawan Arewa kuwa an bar ta shekara da shekaru babu bututu. Domin haka ne aka ƙaddamar da aikin bututun Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, a watan Yuni na 2020. An sha ɗaga ranar kammala shi. A 2025 kamfanin NNPC ya ba da sanarwar cewa an ƙetare kogin Kwara da shi, wanda yake shi ne wuri mafi wuya.

Akan ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A Nijeriya an riga an tona fiye da shekara 60 da suka wuce. Abin da ya rage shi ne abin da ya sa rijiyoyin Marcellus suka zama taki da roba da lantarki, na Waha kuwa mai su yake biya a kwashe: hanyar da za ta kai iskar ga mai bukatarta, da tabbacin cewa wanda ya kawo ta za a biya shi. Dokar man fetur ta 2021 ta tanadi hukumomin da za su lura da wannan fanni. Ya rage gare su da kamfanin NNPC su ga cewa iskar ta isa unguwannin masana'antu na Kakuri a Kaduna, da Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, inda tsadar wuta take cikin abubuwan da suka rufe masaƙu suka kori dubban ma'aikata, kuma ta isa a kan farashin da mai masana'anta zai iya biya.